Ɗalibin Da Kullum Yake Makara

Auta na guga a falo Baba ya dangwarar da wata tsohuwar rajista a gabanta. Shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci, kuma shi ba ya yar da takarda, ba ya manta laifi.

"Wannan Dogon mai gyaran waya kike so? Ɗalibina ne! Karanta abin da na rubuta a kansa, zango tara a jere."

"Consistently late," ta karanta.

"To, consistently na nufin kullum, ba fashi! Daga Latin ta samo asali, tsayuwa daram a kan abu guda. Halin da ba ya canzawa ake faɗa wa ita. Mai makara kullum ba zai riƙe mini 'ya ba!"

"Haba Baba, shekara goma fa ke nan! Ka taɓa tambayarsa dalili?"

"Ni zan tambayi yaro dalili? Tashi ki ba ni wuri!"

Wata huɗu Auta ta yi tana kuka a ɗaki, ta rame ta lalace. Abin da ya fi ƙona mata rai, Dogo ya hana ta faɗa wa Baba dalilin makararsa. Duk mako zai zo ya durƙusa ya gaida Baba, a amsa masa da ka.

Ran nan wayar Baba ta mutu, Auta ta raka shi shagon Dogo ƙarfe takwas na safe. A kulle!

"Kin gani ko?"

Haƙurinta ya ƙare. Ta ja shi zuwa gidan da ke bayan shagon. Suka tarar da Dogo ya goyo mahaifinsa daga wanka, ya zaunar da shi a rana, ya gyara masa ƙafafun da suka shanye, ya ɗauki cokali zai ba shi abinci.

"Tun yana aji ɗaya yake wannan, Baba. Kai kuma kana jiransa a bakin get da bulala!"

Baba ya cire tabarau. "Me ya hana ka gaya mini?"

"Malam, ban so a riƙa nuna mahaifina da baki ne."

Baba ya ce, "Ka turo manyanka."

Mutane da yawa sun iya lissafa laifin wani ba kuskure, amma tambaya guda ta gagare su. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, je ka ga yadda safiyarsa take farawa.