Surukar Da Ta Ƙwanƙwasa Falon Mama

Ranar da Direba ya kawo budurwarsa gaisuwa wajen mahaifiyarsa, Mama ta hakimce a kujera, ƙanwarsa Auta na leƙe ta labule. Budurwar ta durƙusa da ladabi. Sai dai sana'arta shimfiɗa tayil, hannunta ya saba gwada kowane daɓe. Ba ta ankara ba ta ƙwanƙwasa ƙasa – ƙwas-ƙwas!

"Lafiya?" in ji Mama.

"Sori Mama... tayil ɗin nan holoƙo ne, ba siminti a ƙarƙashinsa."

Ashe Kawu, ƙanin Mama, shi ya yi aikin!

"Iyye! Daga zuwa gaisuwa sai zagin dangi? Mace da guduma! Ko ki bar aikin maza, ko ki bar min ɗana!"

A waje Mai Tayil ta sha kuka.

"Don Allah, ki ajiye aikin na ɗan lokaci," in ji Direba.

"Ina sonka wallahi, amma da hannun nan na rufa wa gidanmu asiri. Zan jira Mama ta huce."

Ta kuwa jira. Kullum tana aiko gaisuwa, Mama tana mayar da tsaki.

Rannan ƙawayen Mama suka cika falo. Mama na tsakar cewa, "Aikin ƙanina ai har jikoki," sai ji kake ɓaras! Tayil ya rufta, kujera ta kife, ɗankwali ya yi gabas, Mama ta yi yamma. Aka nemi Kawu, waya a kashe.

Washegari sai ga Mai Tayil da 'yan mata ɗalibanta, kowacce da cokalin gini. Ko kalmar "ai na faɗa" ba ta furta ba. Suka ɓamɓare, suka zuba siminti, suka jera sabo tsaf.

Mama ta sunkuya da ƙugunta mai ciwo, ta ƙwanƙwasa da kanta. Tim-tim!

"'Yata, ki yafe min. Yaushe za mu turo manya?"

Auta ta fito da gudu. "Anti, ni ma ki koya min!"

"Ɗauki bokiti ki bi ta, sarkin barci!" in ji Mama.

Aka sha biki. Yau masu manyan gine-ginen gari layi suke bi wajen amarya, Mama ce ma mai yi mata talla.

'Yan mata, ku riƙe sana'arku, ku haɗa da haƙuri da ladabi. Wanda ya raina aikinku yau, gobe da bakinsa zai yaba.