Rabin Jirgin Kaka Catello

A garin Castellammare, bakin teku, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da mamarta da kakanta, Catello. Shekara arba'in tsohon ya yi yana aiki a maƙerar jiragen ruwa.

A bangon ɗakinsa akwai rabin jirgi na katako, tsawon hannu. Gefe ɗaya a sassaƙe, ɗayan shafal kamar allo. Jikinsa duk siraran layuka ne na tawada. Samfurin wani jirgin yaƙi ne mai gudu, wanda suka ƙera tun Kaka yana saurayi. Ainihin jirgin an daɗe da farfasa shi. Tsohuwa, haka Kaka yake kiransa.

Wata rana a aji yarinyar ta ba da labarin jirgin. Alfonso, ɗan maƙwabtansu, ya tuntsire da dariya.

"Wannan guntun? Halan katako ne ya ƙare wa kakanki. Ko a kwano ba zai yi iyo ba!"

Abin ya ƙona mata rai. Da yamma, Kaka ya tafi aski, ta sauko da jirgin. Ta kira Alfonso suka je bakin ruwa. Tana saka shi, ya kife. Ta ciro shi da sauri, ta goge da rigarta. Rigar ta yi baƙi. Layukan duk sun tafi.

Mama ta dubi rigar, ta dubi jirgin. Ta ce, "Ba ni zan faɗa masa ba. Da bakinki za ki faɗa."

Kaka ya saurare ta har ta gama. Bai yi faɗa ba. Ya ture kwanon taliyarsa gefe, ya daɗe yana shafa katakon.

"Kowane layi farantin ƙarfe ne na jikin Tsohuwa," in ji shi. "Da hannuna na ja su. Su kaɗai suka rage min."

"Ka yafe min, Kaka," ta ce tana kuka. "Cewa suka yi ba a gama shi ba."

"Ja'ira! Ai da kin tambaye ni. Jirgi damansa da hagunsa ɗaya ne. Rabi muke sassaƙawa, mu yi awo a kansa. Ba na iyo ba ne."

Ya ɗauko alƙalami. Sai ya miƙa mata. "Ke kika goge, ke za ki mayar."

Mako uku ba ta fita wasa ba. Yana nunawa da yatsa, tana ja a hankali, yana ta labari.

"Wannan tsinin na ƙasan hanci, don sukar jirgin abokan gaba ne. Har ta tsufa, kifi kawai ta tsorata."

"Nan fa, Kaka?"

"Nan gefe ake jibge kwal, ya tare harsashi kafin ya kai ga inji. Ranar da aka tura ta ruwa, garin nan kaf ya fito, ana ta kaɗa ƙararrawa. A cikin taron na fara ganin kakarki, da jan ɗankwali."

Ya yi murmushi. Yarinyar ba ta taɓa jin wannan ba.

Da aka gama, Kaka da kansa ya kai jirgin makaranta. Ya ce jikarsa ce za ta yi bayani. Ta nuna komai, layi bayan layi. Can Alfonso ya ɗaga hannu yana sosa ƙeya.

"Don Allah, a ina ake ajiye igwar?"

Kaka ya ce, "Tambayi uwar ɗakina, ga ta nan."

Daga ranar yarinyar ta gane. Ba a ɗaukar kayan manya sai da izini. Abin da ba ka sani ba kuma, ka tambaya kafin ka taɓa.