Kujerar Bayan Direba

Ummusalma tana durƙushe gaban risho tana dama koko, idanunta na rufewa da kansu, sai mijinta Badaruddeen ya leƙo kicin da makullin mota a hannu.

"Ummu, shida saura kwata fa! In tirelolin boda suka riga mu hawa titi, yau ma sai tara."

"Na ji, Yaya. Bari in juye a fulas, mu sha a hanya."

Watansu bakwai da aure, kuma tun da ta tare a gidansa na Magama, nan bakin iyakar Nijar, ba ta shan koko a zaune sai Asabar da Lahadi. Ita malamar makaranta ce a cikin Katsina, shi ma aikinsa can yake. Hanyar ba ta da wani nisa, amma ga shingaye, ga manyan motoci, ga cunkoson mashigar gari, inda kowane ƙato ya fito da motarsa shi kaɗai ya baje a ciki, kujeru huɗu suna ɗauke da iska.

Wannan ne ya sa suka haɗa kai su huɗu: su biyu, da Irmiya malamin gona, mutumin Daddara da ke zaune a layinsu, da maƙwabciyarsu Sakinatu, nas ce a wani asibiti. Motoci uku gare su, amma ɗaya ke fita. Wannan makon ta Badaruddeen, mai zuwa ta Irmiya, na gaba ta Sakinatu. Mai ya ragu, gajiyar tuƙi ta rabu uku, titi ya huta da motoci biyu. Kujera ɗaya ce kawai take tafiya babu kowa.

Ita wannan kujerar ce ta jawo magana.

Mahaifin Ummusalma, Malam Ɗantala, tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, mai ciwon suga. Gyambo ya fito masa a ƙafar dama ya ƙi warkewa, likita ya ce sai an riƙa wanke masa a Katsina Litinin, Laraba da Juma'a. Motar haya kuwa mutum huɗu take cusawa a baya, kullum sai an taka masa ƙafar. Ranar Lahadi Ummusalma ta je gaishe shi, ta ga yadda bandejin ya jiƙe, ba ta san lokacin da ta ce, "Baba, ai muna da wuri a motarmu" ba. Ta yi niyyar gaya wa mijinta, gajiya ta sa ta manta. Sai yanzu, da suka ɗauki Irmiya da Sakinatu, ta ce, "Yaya, mu biya ta gida."

Suna shan kwana ya hango surukinsa tsaye a ƙofar gida da sanda da ledar magani. Ya taka birki da ƙarfi har kokon ya zube. Ya fito, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna tun daga nesa, kansa a ƙasa.

"Barka da asuba, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Allah shi yi albarka."

Ya buɗe masa gidan gaba, ya tura kujerar baya don ƙafar ta miƙe, sannan ya zagaya ya danƙa wa Irmiya makulli. "Ja ku tafi. Na yi mantuwa a gida."

"Wace irin mantuwa kuma? Mu jira ka mana!" in ji Irmiya.

"Ku tafi kawai!"

Ranar a motar haya ya je aiki. Laraba ma haka, Juma'a ma haka.

"Yaya, filis, wannan wace irin kunya ce?" in ji Ummusalma da yammacin Juma'a, tana cire takalmi daga kumburarrun ƙafafunta.

"Ummu, ni in zauna kafaɗa da kafaɗa da Baba awa biyu? In hamma ta zo mini fa? In wani ɗan tasi ya sha gabana na ɗura masa zagi fa? Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa haɗa tabarma da kakana na wajen uwa ba. Ba zan iya ba, wallahi."

"To ka gaya masa."

"Da wane bakin? Ke ki gaya masa."

Ita da ko sunan mijinta ba ta iya kamawa a gaban Baba, yaya za ta zauna tana yabonsa?

Abin da Badaruddeen ya iya shi ne, duk jajiberin ranar asibiti sai ya fito da bokiti da omo ya wanke kujerar gaba tas, ya shanya, ya turara ta da turaren wuta, don surukinsa ya zauna wuri mai tsabta. Ranar Alhamis ƙanwar Malam Ɗantala, Gwaggo Mariyamu, ta biyo ta layin, ta gan shi gwiwa biyu yana dirzar kujerar da buroshi. Ta ja mayafi ta wuce.

Mako na biyu layin motar Irmiya ne. Badaruddeen ya ce ba zai ƙara shiga haya ba, don sau biyu yana makara har ogansa ya yi magana. Sai ya fito da tasa motar ya bi su a baya. A shingen duwan, inda ake duba kaya, motocin biyu suka jera. Malam Ɗantala ya waiga, ya ga surukinsa shi kaɗai a mota, gilasai a rufe, ga shi ya kau da kai gefe. Tsohon ya dubi ƙafarsa. Ya janye ta can ƙarƙashin kujera, duk da zafin da ya ji.

Da la'asar ɗin ranar Gwaggo Mariyamu ta yi sallama a gidan Ummusalma, ko zama ba ta yi ba.

"Ɗauko mayahinki, ubanki na kira."

A zaure suka same shi, ƙafar a kan matashi. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne.

"Ummu, ni na san ƙahwar nan tana wari. Ni ma ina ji. Amma da an hwaɗa mani, da ban shiga motar kowa ba."

"Baba, wallahi ba haka..."

"Ba haka ba mi?" Gwaggo ta katse ta. "Da idona na gan shi shina wanke inda ubanki ya zauna, da omo, kamar kare ya yi amai! Wanda ya ƙyamaci uba, gobe ɗiyar zai ƙyamata. Ki kwanta ciwo ki gani! Ba inda za ki koma."

Hawaye suka zubo wa Ummusalma. Maganar tana bakinta, ta dubi fuskar mahaifinta, ta kasa. Kashegari Badaruddeen ya turo kawunsa biko, ya ce kunya ce ta sa yaro. Gwaggo ta tsaya a bakin zaure ta riƙe ƙugu.

"Kunya? Mun san kunya, cikinta aka haihe mu. Mai kunya shi kan ɓoye. Kunya ce ke sayen omo?"

Kawu ya koma da sanyin gwiwa.

Tafiyar haɗin kuwa ta watse. Malam Ɗantala ya ce shi da motar mutane har abada, Gwaggo ta hana Ummusalma shiga ta Irmiya don kada a haɗa ta da mijinta a hanya. Irmiya ya koma fita da tasa, Sakinatu da tata, Badaruddeen da tasa. Sakinatu ta aiko mata saƙo a waya: "Sista, jiya gyangyaɗi na yi a kan sitiyari. Don Allah ku shirya, mun gaji!"

Mako uku Ummusalma tana gidansu. Ta tashi da asuba ta yi wa Baba ruwan wanka, ta bi layin tasha, ta cusu a haya. Ranar asibiti ta zauna a gefen ƙafarsa ta kare ta da jakarta. Ta dawo da yamma jiki duk ciwo, ta ɗora tuwo, Gwaggo na bin ta da faɗa. Ba ta mayar da magana ba, ba ta gudu ta koma ba, duk da kullum sai ta ga kiran mijinta a waya ta shiga bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke ido. Ta rame har zobenta ya fara zamewa.

Wata Laraba aka saki tirelolin da suka kwana uku a boda gaba ɗaya. Kafin su isa mashigar Katsina titi ya cushe, gaba ba hanya, baya ba hanya. Masu motoci suka yi layi biyar a hanyar layi biyu. Awa guda, awa biyu, awa uku, rana ta take. Direban hayar ya kashe mota ya fita neman ruwa. Masu wankin ciwo kuwa sha biyu suke tashi, kuma ƙafar ta kumbura ta fara tsiyaya. Malam Ɗantala ya jingina kai yana haki.

"Baba, in mun kai can wajen gidan mai akwai keke mai ƙafa uku. Za ka iya takawa?"

Ya gwada. Taku uku ya dafe motar, sandar ta faɗi. Ummusalma ta dubi dogon layin, ta rasa wanda za ta kira.

Sai ga mutum cikin farin kaftani yana ratsowa tsakanin motoci da gudu. Badaruddeen ne. Ashe duk ranar asibiti yana bin motarsu a baya tun daga Magama. Ya ajiye tasa gaban mai shayi ya taho. Bai dubi fuskar kowa ba. Ya juya wa surukinsa baya, ya durƙusa a kan kwalta mai zafi.

"Baba, hau."

"Kai, tashi! Mi kake yi haka cikin mutane?"

"Baba, don girman Allah hau. Lokaci na wucewa."

Ya hau. Badaruddeen ya miƙe da shi, ya tallabe ƙafar mai ciwo da tafin hannunsa, ya manna ta a jikinsa don kada wata mota ta goge ta. Ummusalma ta ɗauki sanda da leda ta biyo su. Tana kallo ruwan ciwon yana bin farin kaftanin har ƙasa, shi ko a jikinsa.

Sun yi nisa kafin tsohon ya yi magana.

"Na ɓata maka riga."

"Ba komai, Baba."

"Ba ka jin warin?"

"Ina ji, Baba. Ciwo ne, kowa ma yana iya samunsa."

"To mi ya sa kake wanke kujera in na tashi?"

Badaruddeen ya tsaya cak. "In ka tashi? Baba, kafin ka zauna nake wankewa! Mu muna cin gyaɗa a ciki, muna zubar da koko, ga zufa. Ina zan bari ka zauna a haka, ga ciwo a buɗe?"

"Gudun da kake fa?"

"Nauyinka nake ji, Baba. In na gan ka harshena ɗaurewa yake."

Can sai kafaɗun Malam Ɗantala suka fara rawa. Ummusalma ta tsorata, ta zaci kuka yake, ashe dariya ce, irin wadda rabonta da ji tun kafin ciwon.

"Kai ɗan nan, Allah shi shirye ka! Yanzu wa ke zuba kamar rediyo? Ina harshen da ke ɗaurewa?"

"Ai... ai ba na ganin fuskarka ne, Baba."

"To shi ke nan. Daga yau bayanka zan riƙa zama."

A gidan mai suka sami keken, suka isa asibiti saura minti goma a tashi.

Da yamma Malam Ɗantala da kansa ya kira ƙanwarsa. "Mariyamu, haɗa wa yarinyar nan kayanta. Mun ɗauki alhakin yaro." Gwaggo ta dubi kaftanin da ke hannun Ummusalma, wanda ta karɓo don ta wanke, ta daɗe tana kallo. Ta yi ƙwafa. "To shi ba ya da baki ne? Bebe muka ba ɗiya?" Amma ita ce ta raka ta har ƙofar ɗakinta, da ƙullin daddawa da na garin kuka.

Ranar Litinin mota ɗaya ta fita daga layin, cike da mutum biyar. Irmiya a gaba, Sakinatu da Ummusalma a baya, Malam Ɗantala daidai bayan direba, ƙafarsa a kan matashi. Badaruddeen ya karkatar da madubin ciki don kada idanunsu su haɗu, yana duba na gefe. Kafin Daddara har sun fara gardamar farashin gero. Ummusalma ta jingina kai a kafaɗar Sakinatu, barci ya kwashe ta, ba wanda ya tashe ta sai ƙofar makaranta.

To, 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Kunyar surukai tarbiyya ce, kada wanda ya ce muku ƙauyanci ne. Amma girmamawar da mai ita bai san ana yi masa ba, ba ta da bambanci da wulaƙanci a idonsa. In baki ya yi nauyi, a nemi yadda za a faɗa tun kafin wani ya faɗa muku abin da ba shi ba. Ku kuma manya, ku tambaya kafin ku ɗauke ɗiya daga ɗakinta. Ummusalma ta yi haƙuri, ba ta saɓa wa uba ba, ba ta zubar da miji ba, Allah kuma ya bar mata duka biyun. Mai mota kuwa da yake fita shi kaɗai alhali maƙwabcinsa na tsaye a tasha, in ya kwana a cunkoso kada ya zagi kowa, da shi aka haɗa shi.