Cikin Armaya'u

A kasuwar Batsari Hansai ta fara ganin Armaya'u, shekara guda bayan Nasara sun sallami mutanen da suka ɗiba aikin kuza a Jos. Daga Zakka ta zo da ƙwaryar furarta. Ya tsaya a kanta, dogo, ramamme, ya sayi ta kwabo, ya riƙe bai sha ba.

"Furar ce ba ta yi ba?"

"Ta yi, mai ita ma ta yi. Cikina ne ba ya so. Muryarki na zo saye."

Ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya. Kafin kasuwa uku, shi yana ce mata 'Yar Zakka, ita tana ce masa Na Wagini, don can ne ƙauyensu.

Bai ɓoye mata komai ba. A ramin kuza ya yi atini wata biyu, abokansa uku can aka binne su. Shi ya dawo, amma cikinsa bai dawo ba. Yau kumburi kamar ganga, gobe murɗa da zawo, jibi kuma ya ɗaure tam.

Da damina Mati, mahaifin Hansai, ya kira gayya. Armaya'u ya zo da garmarsa, Muntaka na Tsaskiya ma ya zo, don shi ma Hansai yake nema. Da rana ta take aka kawo ɗanwake da fura da nono. Hansai ta hango Armaya'u yana ci don kada a ce ya raina gidan. Da aka koma huɗa, yana tsakiyar wata kunya ya yar da garma, ya dafe ciki, ya ruga bayan geza.

"A nemo ungozoma!" in ji Muntaka. "Angon naƙuda yake!"

Gona ta ɗauki dariya, har makaɗi ya sa abin a ganga.

"Ba na ba 'yata wanda ludayin fura ke kayarwa," Mati ya ce da suka koma gida.

"Baba, ba shi ya ɗora wa kansa ba."

"Ni ma ba ni na ɗora masa ba."

Sati biyu Armaya'u bai leƙo ba. Sai ga Safiyatu, gwaggon Armaya'u, da saƙo: "Ya ce ki yafe shi, ki auri mai lafiya."

Hansai ta zaci gajiya ya yi da ita, hawaye suka zubo. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, kunya ce. Ko masallaci da ƙyar yake fita."

Hansai ta share ido ta zaunar da ita. Ran da ya tashi lafiya, me ya ci jiya? Ran da ya kumbura fa? Suka yi ta tunowa har abin ya fito fili: wake, albasa, nono, da cika ciki lokaci guda.

"Gwaggo, ki raba shi da su. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa, kunu marar kauri, ruwan citta. Kaɗan-kaɗan, ko sau biyar ne, ya tauna a hankali. Kuma ki ce masa 'Yar Zakka ta ce ba ta karɓi saƙon ba."

A Wagini aka yi ta cewa abincin mai jego yake ci. Ya toshe kunne. Ciwon bai tafi duka ba, amma ya koma baƙon wata-wata. Da kaka ya shiga gonar Mati ba gayyata, kwana huɗu yana girbin gero, bai zauna ba sai don salla.

Dattawa suka sa baki. Mati ya ce, "Tunda ta nace, ta je." Amma ya ƙi yin waliyyi, ƙanensa ya tura aka ɗaura.

Ran da za a kai ta Wagini, Armaya'u ya aiko: "'Yar Zakka, na share ɗaki da hannuna." Mahaifiyarta Inno ta rungume ta tana sa albarka har muryarta ta dushe.

A ƙofar zaure Hansai ta durƙusa gaban mahaifinta. Yana tufkar igiya, bai ɗago ba.

"Allah Ya ba da zaman lafiya," ya ce.

Ta jira ya kira sunanta. Bai kira ba.

"Amin, Baba," ta ce, ta tashi aka ɗora ta a kan doki.