Tashi Daga Kwanciyar Gawa

A Banaras ta Indiya ba a wasa da mutuwa. Sai dai a ajin yoga na Guruji Trilochan, inda ake kwaikwayonta kullum da yamma, minti goma, a kan tabarma.

Ratnakar akawu ne mai ciwon baya, bai yarda da komai ba sai likitan da ya turo shi. Ranar nan aka gama miƙe-miƙe a saman soro, kowa ya kwanta rigingine, kwanciyar gawa da ake rufe aji da ita. Hayaƙin ƙona matattu yana tasowa daga bakin kogi, da ƙaurin itace da man shanu.

"Ban da zabura," in ji Guruji. "Yatsu tukuna, sai numfashi, a naɗe gwiwa, a juya dama, kai ne ƙarshen ɗagowa. Akwai ruhohi masu yawon neman jiki. Ku nuna musu da mai shi a ciki."

"Su zo su ɗauki bayana, na yafe," Ratnakar ya raɗa wa amininsa Bhaskar, wanda tuni ya fara minshari a damansa.

Ƙararrawar bakin kogi ta yi shiru. Tsuntsaye ma haka.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya matso. Wani abu ya shinshina kunnen Ratnakar.

"Da kowa a nan?" Murya ce siririya, ba ta tafe da numfashi.

Ya so ya zabura, jiki ya ƙi. Sanyi ya shiga ta tafin ƙafarsa a hankali, kamar mai gwada takalmi.

Babban yatsa ya motsa da ƙyar.

Numfashi ɗaya.

Sanyin ya kai cibiya.

"Ka makara," in ji muryar.

"Ɗauki na kusa da ni," Ratnakar ya raɗa. "Barci yake. Ya fi ni lafiya, bayansa garau."

Sanyin ya tsaya, ya sulale.

Ratnakar ya naɗe gwiwa, ya juya dama. A kan idonsa Bhaskar ya tashi zaune tashi guda, kamar an fizgo shi, yana jujjuya hannuwansa, ido ba ƙiftawa.

Guruji ya daɗe yana kallon Ratnakar, sannan ya ce a naɗe tabarmi.

Abotar shekara ashirin ce. Yanzu Bhaskar bai san sunan Ratnakar ba, amma duk inda suka haɗu sai ya rusuna ya yi masa godiya. Da abin ya ishe shi, Ratnakar ya je ya faɗa wa matar Bhaskar gaskiya. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce wannan ɗin yana wanke kwanonsa, a bar mata shi.