Matar da Ta Juya Idon Rogo

Ƙawata, matso ki ji.

A wani zamani an yi wata mata mai rogo, ba mai irinsa duk garin. Ganyensa kamar tafin hannu, sandarsa duk idanu, saiwarsa kamar damtsen ƙato. Wata rana maƙwabciyarta ta zo roƙon iri.

"Yaya, taimaka min da 'yan sanduna don Allah. Ta yaya ake dasawa?"

Matar ta san idon rogo sama yake kallo, amma ba ta son kowa ya yi irin nata. Ta sara mata sanduna, ta ce, "Ido ƙasa, ƙanwata, ido ƙasa."

Maƙwabciya ta yi godiya, ta dasa ido ƙasa.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a gonar matar, rogonta ya ruɓe har sanda. Ta ruga wurin maƙwabciya neman iri.

Maƙwabciya ta nuna mata busassun sanduna a jere, ta ce, "Wallahi Yaya, yadda kika ce haka na yi. Ko ɗaya ban juya ba."

Irin rogon nan ya ƙare ke nan, Allah ya kyauta. Kada ki gaya wa kowa, ƙawata, jikokin mai rogon suna nan da rai.