Kwanon Da Baba Bai Buɗe Ba

"Ka maimaita, Munkaila. Ina so in tabbata kunnena ne ya ji."

Yana zaune kan motonsa mai taya biyu a ƙofar gidanmu, ko kashe shi bai yi ba. Mutumin da in ya zo hira sai ya shimfiɗa tabarma da hannunsa yana ce min Anisata, yau ko sallamar kirki ban samu ba.

"Na ce Kawu Sallau ya yarda a ci gaba da maganar aure, amma da sharaɗi. A garinmu Tsauni za a ɗaura, kuma Baba ba zai je ba."

"Baban wa?"

"Naki mana... kin fi kowa sanin abin da ya yi."

Na sani kuwa, ina bayan labule na ji komai da kunnena.

Tunda ciwon sukari ya kama mahaifina, Alhaji Illa, gidanmu ya koyi tafiya da agogon cikinsa. In ya yi allurar rana, dole abinci ya bi bayanta nan take, in ba haka ba gumi ya karyo masa, hannu ya ɗau rawa, bakin kuma ya zama abin tsoro. Ya taɓa korar Inna saboda murfin buta. Ni ya ce da ni ƴar banza a gaban ƙawayena. Da ya ci abinci sai ya dawo Babanmu mai tsokana, yana tambayar wa ya ɓata mana rai, don ba ya tuna abin da ya yi. Mun saba: Inna ta yi shiru, ni in ruga kawo kwano, mu yi kukanmu a madafa. Kada ka ce ba ya min zafi, akwai ranakun da nake jin haushinsa har cikin raina.

Ranar Lahadi dangin Munkaila suka ce za su zo neman aurena bayan la'asar. Sai suka samu mota da wuri, suka faɗo mana kafin azahar, daidai lokacin da Baba ya zare allura, ni kuma na dire masa kwanon tuwon dawa a zaure. Wane dattijo ne zai buɗe kwano ya hau ci a gaban surukai? Ya tura musu, suka ce alhamdulillahi, su ma kunya. Kwanon nan ya zauna a tsakiya rufe, kowa na kare mutuncinsa. Kawu Sallau kuwa ba ya gaisuwar gaggawa. Sai da ya tambayi damina, da gero, da mutanen garin Ɗan Barto ɗaya bayan ɗaya. Ina hangen gumi na tsiyaya daga hular Baba, amma yarinyar da aka zo nema ba ta ratsa zaure.

Da Kawu ya ce ɗansu na zuwa cirani Kano, sai Baba ya shure buhun goron da suka kawo, ya ce ƴarsa ta fi ƙarfin ɗan dako, su tattara tsiyarsu su ba shi wuri. Suna fita ya kife. Da ruwan sukari muka dawo da shi, Inna kuma ta hana kowa ta da zancen, don lokotoron asibiti ya ce ɓacin rai na ƙara masa ciwon.

Duk wannan na zayyana wa Munkaila, ba sau ɗaya ba. Yau ma na sake. Ya saurare ni yana kaɗa makulli.

"Ciwo ba ya ƙirƙiro magana, Anisa. Abin da ke cikin mutum yake fitarwa."

"Kai lokotoro ne yanzu?"

"Ni ɗan dako ne, ai kin ji."

"Haba masoyina... mutumin da ya ba ka wurin zama a shagonsa tun kana yaro?"

"Shi ya sa ya raina ni."

Ya ce a gidansu an gama magana: za a faɗa wa jama'a Alhaji ya samu taɓin hankali, shi ya sa bai halarta ba, ta haka ne kawai Kawu zai wanke fuskarsa. Ni kuma abin da ake so a gare ni kaɗan ne, in an tambaye ni in ce haka ne. Har ya ƙara da cewa mahaifiyarsa na tsoron abin gado ne, amma shi ya tsaya min. Wai ya tsaya min!

Ina son Munkaila, ba zan ɓoye ba. Ko a lokacin da yake wannan maganar, zuciyata na neman hanyar da zan ce to. Amma na kasa haɗa kalmar hauka da sunan Baba a bakina.

"Ubana ba mahaukaci ba ne. Kunyarku ya ji, ya ƙi cin abinci har ya kusa mutuwa."

"To ki zaɓa."

"Kai ne ka kawo zaɓin, ka tafi da abinka."

Ya dube ni kamar zai ce wani abu mai taushi. Sai ya ce kada in neme shi in na yi nadama, ya ja motonsa ya yi hanyar tasha.

Ina shiga gida muryar Baba ta tare ni. Wai ina na tsaya, wai so nake ya mutu in huta, mara amfani kawai. Ashe hira ta sa na makara. Na ɗauko kwano na durƙusa gabansa, na buɗe masa da kaina, hawaye na ɗiga kan zanena yana ta zagi har ya kai loma bakinsa.

A hankali rawar hannun ta tsaya. Ya sha ruwa, ya jingina da bango, ya dube ni da idon da na sani.

"Uwata, kuka kuma? Wa ya taɓa min ke?"

Na ce hayaƙi ne.

Ya yi dariya, ya ce wannan hayaƙin da alama sunansa Munkaila. Sannan ya rage murya don kada Inna ta ji.

"Wai yaushe mutanensa za su zo ne? Ki gaya min da wuri, in sa a wanke min babbar rigata. Yaron nan ya kwanta min a rai, ba na so mu ji kunya."